Koren Mayafi a Bakin Ƙofa

Al-Shifa, Riyad
Maris, 2014

Zuwa ga Yaya Turai,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da mutanen gida da maƙwabta. Yaya ƙafar? Yaya kunnen? Ni lafiya lau, in ban da bayan nan da ke tashi in na daɗe a kan sitiyari. Na kira ki a waya watan jiya, ina ihu kina cewa "Wa ke magana?" har maƙwabcin ɗakina ya buga mini bango. Shi ya sa na koma takarda. Dabo ne zai kawo miki, mai sarin abaya da dabino tsakanin nan da Kano. Ya ce Malumfashi ba ta yi masa nisa ba.

Yaya ƙarin haƙuri? Allah Ya jiƙan 'yar wajenki, wadda muka ba ki riƙo tun yaye. Ban samu zuwa ba. Takardar fita sai kafil, ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar nan, ya sa hannu, shi kuwa ba ya ƙasar, ko da ya dawo an daɗe da watsewa daga zaman makoki.

Kin sha tambayata aikin me nake yi takamaimai. Direba ne ni, kamar kullum, amma yanzu mutum ɗaya nake tuƙawa: wani tsohon Bature ɗan Amurka, Mista Kalbin, mai zane. Kamfanin da ke riƙe da iƙamata, wato takardar zamana, shi ya kawo shi, don ya riƙa yi wa otal-otal da ofisoshi zanen da ake ratayewa a bango. Kada ki ɗauka zane irin wanda kika koya wa yara a firamare, na tukunya da akuya. A'a. Farin yadi ne ake ɗaurewa a katako, wani ya fi ƙofar zaure girma, sai ya yi ta yaɓa masa fenti, layi nan, dunƙule can, ba mutum ba itace ba gida. Ran da na fara gani na ce a raina, wannan ai kamar an watsa miyar kuka a bango ne. Amma abin da ake so ke nan a garin nan: ba fuska, ba mai rai, ba wanda zai ce an rataye masa gunki a inda zai yi salla. Ni ma hankalina a kwance yake, ina ɗaukar kaya ina saukewa.

To, abin ya canza. Wata rana da azahar muna kan hanyar Al-Nasiriya, danja ta tsayar da mu. Ga wasu leburori sun kwanta a inuwar tirela, ɗaya ya yi matashi da takalminsa. Sai Bature ya ce in faka. Na ce nan ba wurin fakin ba ne, za a rubuta mini tara. Ya ce in faka. Ya daɗe yana kallonsu ta gilashi, sannan ya ce, "Nu'uman, shekara talatin ina zane, babu mutum ko ɗaya a ciki." Na ce masa, "Ai shi ya sa ake saye." Bai yi dariya ba.

Tun ranar ya ajiye bokitan fenti. Ya sayo wani ɗan akwatin launi da bai fi gwangwanin kifi ba, da takardu masu kauri, da burushi siriri. Da ruwa ake jiƙa launin. Yanzu aikina riƙe masa kwalbar ruwa. Kuma mutane yake zanawa: mai shara, mai wankin mota, mai gadin gidansu. Mudir, wato manajan kamfani, ya zo ya gani, ya ce da shi, "Wannan a ɗakin wa zan rataye? Wa ke biyan otal don ya kwana yana kallon lebura?" Mudir bai yi ƙarya ba. Amma Bature ya kafe.

Ga abin da nake roƙo. In akwai hoton yarinyar nan a wajenki, kowane iri, ki ba Dabo ya kawo mini. Ina so in nuna wa Baturen.

A gaishe da kowa.

Ƙanenki,
Nu'uman

*

Malumfashi
Afrilu, 2014

Nu'uman,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, Dabo ya kawo da dabino, an gode. Ƙafa tana nan yadda ka sani. Kunne kuwa na daina jiran ya dawo. Amma idona yana gani sarai, kuma na karanta abin da ka rubuta har na gaji.

Na duba. Layi biyu ka ba Muhibba. Baturenka kuwa ka ba shi takarda gaba da baya, har da abin da ya faɗa a bakin danja. Muhibba, Nu'uman. Haka sunanta. 'Yarka ce, 'yar farinka, kai ka haife ta, ni riƙo na yi. Kakata da kakarka ciki ɗaya suka fito, shi ya sa da Allah bai ba ni haihuwa ba kuka ɗauko ta kuka ba ni, kuma ban taɓa mantawa ba. Amma ciwon ƙodar nan wata biyu ya yi yana cin ta. Ni na riƙe mata kwano tana amai, ni na ga ƙafarta ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Uwarta Balaraba ta zo daga Kano ta zauna a bakin gado, ita ma ba ta iya kiran sunanta ba, amma ta zo, ta riƙe mata ƙafa. Kai ka aiko da "Allah Ya jiƙan 'yar wajenki," kamar 'yar maƙwabci.

Sannan kana neman hoto ka nuna wa Bature. Don me? Leburorin sun ƙare ne, yanzu gawar mutane yake nema? A zana ta a rataye a otal, Larabawa su sha shayi a ƙarƙashinta? In aikinka ne ke rawa kake neman abin da za ka faranta masa rai da shi, ka nemi wani abu. Ba da ita ba.

Ko da ma ina so, babu. Ka san mijinta, Malam Zainulabideen, ba ya yarda da hoto. Ba a ɗauki ko ɗaya ba a bikin. Na ƙuruciyarta da ke cikin akwatina kuwa, ita da kanta ta zo ta karɓe bayan aure ta ƙone, ta ce ta gamsu da karatun da ya yi mata. Ba zan zage shi ba. Mutumin nan ya sayar da babur ɗinsa a kan jinyarta, ya yi kuka a gabana kamar yaro. Shi dai ya yi kuka.

Kuma kai ma ka san abin da malamai suka ce a kan zanen mai rai. Ban san kana riƙe wa mai yinsa ruwa ba.

Ka kula da bayanka.

Turai

*

Al-Shifa, Riyad
Yuli, 2014

Yaya Turai,

Sallama da gaisuwa. Yaya ibada? Allah Ya karɓa mana. Zafin bana a nan sai addu'a, ƙarfen bel ɗin mota ma ƙona hannu yake.

Na daɗe ban amsa ba. Na rubuta miki wata takarda da zafin rai, na yaga. Wadda kika aiko ta yi mini ciwo, amma rabin abin da kika faɗa gaskiya ne, ba zan musa ba. Ke kika riƙe kwanon. Ni ina nan ina riƙe kwalbar ruwa. Sai dai kin fassara ni ba daidai ba a kan hoton, kuma laifina ne da ban yi bayani ba.

Babu otal a maganar. Babu mai sayen waɗannan zanen, Yaya. A ƙarƙashin gadonsa yake tara su. Kamfani ya ce in kwantiraginsa ya ƙare bayan Babbar Salla, ba za a sabunta ba, za a buga masa fita ta ƙarshe. Ya zaɓi mutanensa a kan aikinsa. Ni ban ga wayo a ciki ba, na kuma faɗa masa. Amma ba cuta yake yi ba. Ba ya zana kowa sai ya tambaye shi, kuma in mutum ya ce yana so, ba shi yake yi.

Ga yadda aka yi. Wata rana da hantsi ina zaune a ƙofa ina jiransa, ashe yana zana ni ta taga, don na taɓa ce masa ya yi abin da ya ga dama. Da ya miƙo mini takardar sai na ga Baba. Wallahi Baba, a shekararsa ta ƙarshe, da wannan ramin a kumatu da furfura a gefen baki. Na ce, "Wannan ba ni ba ne, ubana ne." Ya ce, "Kai ne. Yaushe rabonka da madubi?" Daga nan hira ta kai ga 'ya'ya. Na lissafa masa ƙananan. Ya ce, "Babbar fa? Ka ce shida ne, biyar ka faɗa." Na ce ta rasu a farkon shekara. Ya ajiye burushi. Ya ce shi ba shi da abin da zai ba ni sai abu ɗaya: in kwatanta masa ita, ya zana mini.

Na ce to, Yaya, sai na laluba na ga babu abin da zan kwatanta.

Ya ce, idonta manya ne ko ƙanana? Ban sani ba. Hancinta? Tana da wushirya? In ta yi dariya ta wane gefe bakin ke karkata? Ya ɗauka Turancin ne ya gagare ni, ya koma nuni da hannu. Na ce masa ba yare ba ne. Na ce a wurinmu mutum ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya ƙura masa ido. Kunya ce. Ya ce, "Kunyar me? Ta yi laifi ne?" Na ce babu laifi. Haka ubana ya yi wa yayana, haka kakana ya yi masa. Har yabona ake yi a kai. Ke kanki kin taɓa cewa a gaban mata, duk dangi babu mai kawaici irin Nu'uman. Ban faɗa don in rama ba. Na faɗa don ki san ba ni kaɗai na gina abin nan ba.

Zan iya zana miki fuskar mudir da idona a rufe. Na san fuskar mai gadin kowane otal a Riyad. Tata ce babu. In na rufe ido sai in ga mayafi, cikinsa fari fat kamar takardar da ba a taɓa ba.

Zancen malamai kuwa, na sani, ba gardama na zo yi ba. Ba ratayewa zan yi ba. So nake in gani sau ɗaya. In kuskure ne, Allah Ya yafe mini, Shi Ya san abin da ya sa.

Tunda babu hoto, ke ki zama hoton. Ki rubuto mini kamanninta, komai da komai, yadda za ki kwatanta wa makaho. Ki hanzarta. Bature na tafiya.

Ƙanenki,
Nu'uman

*

Malumfashi
Agusta, 2014

Nu'uman,

Barka da shan ruwa, barka da Salla, ko da ta wuce. Muna lafiya. Ruwa ya yi gyara bana, sai dai katangar bayan gida ta zube.

Na karanta. Na ajiye, na yi alwala, na dawo na sake karantawa. Na tuna ranar da na yabe ka. A sunan ƙaramarku ne. Muhibba tana tsaye a bayana da tire a hannu, ta ji. Ban san abin da zan ce maka a kan wannan ba, don haka zan wuce.

Ga ta nan yadda zan iya. Ba fara ba ce, ba kuma baƙa ba, kamar Balaraba amma ta ɗan fi ta duhu. Fuskarta doguwa. Goshinta irin naku ne, mai faɗi, shi ya sa take jawo ɗankwali gaba. Idonta ba manya ba, amma in tana sauraron mutum sai ta ƙanƙance su kamar mai zare allura. Wushirya akwai, 'yar ƙarama, a ƙasa ba a sama ba. Akwai tabon ƙyanda ɗaya a gefen hanci, na hagu, ko na dama, ka ga ni ma na fara ruɗewa. In za ta yi dariya sai ta rufe baki da bayan hannu. Ta iya kwaikwayon muryar mutane, har taka, irin tarin da kake yi kafin ka yi sallama. Amma wannan na san ba ya zanuwa.

Na rubuta duk wannan na duba, sai na ga ai rabin matan Malumfashi haka suke. Ni da na yi mata kitso shekara ashirin, abin da na iya ke nan.

Na je wajen Malam Zainulabideen. Na ɗauka zai kore ni. Sai ya shiga ɗaki ya fito da katin zaɓenta, shi kaɗai ne ya rage mai hoto. Ya ce ba zai bayar ba, kuma bai goyi bayan abin da za a yi ba, amma uba uba ne, in kai a buga kwafi in dawo masa da shi. Ga kwafin nan a ciki. Injin mai shagon ba shi da kyau.

Dabo ya ce bizarsa ta samu matsala, bai san ranar tashi ba. Ba ni da wani da na yarda da shi. Allah Ya sa ta iso a kan lokaci.

Yayarka,
Turai

*

Al-Shifa, Riyad
Oktoba, 2014

Yaya Turai,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun yi Salla lafiya, an kuma tada katangar. Ni ina nan.

Takardarki ta yi wata biyu a jakar Dabo. Kullum sai na kira shi, har ya fara ce mini, "Malam Nu'uman, ko ni zan buga wa kaina bizar?" Na ɗauka kin ƙi amsawa ne kika fake da shi. Ki yafe mini wannan zaton. Ta iso ana saura 'yan kwanaki Bature ya tashi, gidan duk kwalaye, ko kujera babu.

Kwafin katin, Yaya, baƙin dunƙule ne cikin farin da'ira. Na juya shi sama da ƙasa. Ya yi kama da zanen Bature na da, irin wanda za ki yi ta kallo ba ki samu kowa ba. Shi ma da ya gani haka ya ce, ya ƙara da cewa shekara talatin ana biyansa a kan irin wannan.

Muka zauna a ƙasa. Ina karanta bayaninki ina fassara masa, yana zanawa. Fentin ruwa ba ya jira, balle a iskar garin nan da ke shanye ruwan kafin burushi ya sauka. Kuma ba a gyara shi. In layi ya karkace, sai sabuwar takarda. Ya yi ta farko: wata mata mai faɗin goshi. Ya ce, "Ita ce?" Na ce ban sani ba. Ya yi ta biyu, ta fito kamar Balaraba tana budurwa. Ta uku ta yi kyau ƙwarai, har na so in ce ita ce don mu huta. Ya kalle ni ya ce, "Kada ka yi mini kara. In ka karɓi wannan, ita za ka riƙa gani har ka mutu, kuma ba 'yarka ba ce." Raina ya ɓaci. Na ce masa, "Kai da ka koyi zana mutum jiya, kai za ka koya mini 'yata?" Ya ce, "Ni na yi shekara talatin ban kalli kowa ba, kai mutum ɗaya ka ƙi kallo. Na fi ka laifi. Zauna." Na zauna.

Ya ture takardarki gefe. Ya ce in bar abin da ke kika gani, in faɗi abin da ni na gani, ko da yatsa ɗaya ne.

Sai na tuna zuwana hutu na ƙarshe, da na biyo ta gidanki. Ina zaune a kan tabarma a ɗakin tsakiya. Ta zo daga gidan mijinta don ta gaishe ni. Ta durƙusa daga gefe, ta ajiye kwanon fura, ta ce, "Baba, an zo lafiya?" Na ce lafiya, ina kallon saƙar tabarma. Sai da na ji ta tashi ta juya sannan na ɗaga kai. A nan ne kullum nake kallonta, Yaya, in ta juya. Tun tana ƙarama. Ashe bayanta na sani.

Na faɗa masa. Koren mayafi, irin koren ganyen rama. Hasken tsakar gida a gabanta, ita tana bakin ƙofa. Hannunta na dama a jikin ƙyauren. Diddigenta da sauran lalle, ɗaya ya ɗago daga silifa. Kuma kafaɗarta ta hagu ta fi ta dama sauka, kamar mai ɗauke da bokitin da ba a gani. Ya ce, "Ka tabbata?" Na ce wannan kam ko a gaban alƙali.

Bai ɗauki lokaci ba. Hasken ma bai zana shi ba, farar takardar ya bari. Da ya gama ya miƙo mini, bai tambaye ni komai ba, ya tashi ya shiga kicin ya yi ta buɗe famfo yana rufewa.

Zan faɗa miki abin da na yi, kada ki faɗa wa kowa. Ni da furfurata, na juya takardar ta baya. Ban san me na ɗauka zan gani ba.

Na kai shi filin jirgi ranar Talata. Ya tafi da leburorinsa a cikin akwati ɗaya. Yanzu manyan zanensa na da nake bi ina saukewa daga wani otal da ake wa gyara, an ce a kai sito.

Ga zanen nan, na sa shi tsakanin kwali biyu. Kada ruwa ya taɓa shi, ɗigo ɗaya zai wanke shi. Ni ba shaida ba ne a kanta. Ke ce. Ki duba ki faɗa mini gaskiya, ko da ba ita ba ce.

Ƙanenki,
Nu'uman

*

Malumfashi
Nuwamba, 2014

Nu'uman,

Gaisuwa. Muna lafiya.

Ita ce.

Ban gama zare kwalin ba na gane ta. Sai da na miƙa hannu nesa don kada hawaye ya ɗiga a kai. Kafaɗar nan, ba ka san dalilinta ba. Tana aji uku ta faɗo daga bishiyar mangwaro ta karye a ƙashin wuya, mai ɗori ya ɗaure, ya warke a karkace. Ba mu faɗa maka ba, don mun san ko mun faɗa ba za ka tambaya ba. Mijinta ma sai da aka shekara da aure ya lura. Ban san ka gani ba. Na yi maka mummunan zato, ka yafe mini.

Na yi ta tunanin ko in rubuta abin da ke tafe ko in bari. Na ga ka nemi gaskiya.

Ranar nan ina ɗakin, ina zaune a bakin gado. Na tuna mayafin, ni na saya mata. Da ta kai ƙofa ta dafa ƙyauren, kamar yadda yake a takardar nan. Sannan ta waiwayo, Nu'uman. Ta juyo gaba ɗaya ta tsaya tana kallonka. Kai kuwa da ka ga kafaɗarta ta motsa sai ka mayar da kai ƙasa, ka jawo kwanon fura. Ta ɗan jima a tsaye. Da ta fito tsakar gida ta ce mini, "Inna, Baba ya rame. Furfura ta fito masa a gefen baki." Ita ta san fuskarka.

Zanen yana cikin akwatina, ƙarƙashin zannuwanta. In kana so in mayar maka, ka faɗa.

Yayarka,
Turai

*

Al-Shifa, Riyad
Janairu, 2015

Yaya Turai,

Assalamu alaikum. Yaya sanyi? Yaya ƙafar? An mayar da ni tuƙa motar ma'aikata, asuba da magariba. Bayan yana nan.

Ki riƙe zanen. Abin da ke cikinsa ina da shi.

Ba na fushi da abin da kika rubuta. Na tuna kwanon. Na tuna furar ta yi tsami kaɗan, na kuma shanye tas don kada in ɗago.

Kin ce ta ɗan jima a tsaye. Ke kina bakin gado, kin ga abin da ban gani ba. Ki rubuto mini shi. Ba goshi ba, ba wushirya ba, waɗannan na karɓa. Yadda ta kalle ni nake nufi. Fushi ne, ko tausayi, ko jira take in ɗago? Babu mai zanawa yanzu, don haka kada ki damu da ko zai zanu. Ki rubuta a hankali, ki ba Dabo, ko zai shekara a hanya.

Yau shekara guda. Na yi mata addu'a bayan sallar azahar, a masallacin gidan mai, a cikin mutanen da ba su san mu ba. Na ɗaga murya kaɗan, har na kusa da ni ya juyo.

Allah Ya jiƙan Muhibba.

Ƙanenki,
Nu'uman